Yadda muka gyara hanyar kekenmu bayan ruwan Agusta

Ruwan da aka yi a Maradi ranar Juma'a 30 ga Agusta 2024 ba sai an tuna wa kowa ba. Milimita 150 aka ce sun zuba cikin awa ɗaya da rabi, mutum 15 suka rasu, gidajen ƙasa suka zube unguwa-unguwa. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri. A irin wannan hali maganar hanyar keke ba abin ɗagawa ba ce, shi ya sa makonnin farko kowannenmu yana wajen taya dangi da maƙwabta kwashe laka da tono kaya daga ƙarƙashin gini. Sai da hankali ya ɗan kwanta muka sauka muka duba abin da ya rage na hanyar. Na rubuta wannan ne saboda duk wata fada ko tarin samari da ke son gyara hanya da hannunsu, su san ƙofar da ake fara bugawa da wadda ke biye da ita, don lokacin da muka tashi ba mu sami wanda ya jera mana su ba.

Mu ƴan fada ɗaya ne da keke ya haɗa. Akwai tela, akwai malamin makaranta, akwai magini, akwai mai gyaran keke, da ɗalibai kaɗan daga jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Kekunanmu na gwanjo ne, masu kaurin taya da giya da yawa, irin waɗanda ake ce wa VTT. Kowace Lahadi bayan sallar asuba muna bin wata siririyar hanya da ke barin bakin gari daga kan tudu, ta ratsa gonakin gero, ta gangara ta cikin wani kwari, ta faɗa fadamar Gulbi. Ba mu muka yi ta ba, ƙafar mutane da kofaton jakuna ne suka fitar da ita tun kafin a haife mu. Da ita masu lambu ke hawowa da buhunan zogale da albasa da tumatir ɗaure a bayan keke, da ita mata masu itace ke bi, da ita yaran ƙauyen ke zuwa makaranta. Mu motsa jiki ke kai mu, su kuwa abincinsu ne ke kanta.

Abin da muka tarar ya sanyaya mana jiki. A wajen gangaren, inda da muke sakin birki muna jin iska, ruwa ya tsaga hanyar gida biyu ya bar kwazazzabo wanda idan mutum ya shiga sai kansa kawai ake gani. Ƙasa da nan rairayi ya taru ya binne ta, taya na shiga sai ta nutse. A tsakiya kuma wani babban gawo ya tuge ya kwanta a gicciye, saiwoyinsa a sama. Muna tsaye sai ga wani mai lambu ya iso. Ya kwance buhunansa biyu, ya ɗauki keken a kafaɗa ya tsallaka, ya dawo ya ɗauki buhu ɗaya, ya sake dawowa ya ɗauki ɗayan, ya ɗaure, ya share zufa ya ce mana haka yake yi kullum tun ranar ruwan. A nan muka yanke shawarar gyarawa.

Wanda ya san tarihin garin nan ba zai yi mamakin ɓarnar ba. Tsohon Maradi a cikin kwarin Gulbi yake, ambaliyar 1945 ce ta cinye shi, Turawan Faransa suka mayar da gari kan tudu. Tun daga lokacin duk ruwan da ya sauka kan rufin kwano da kwalta gangarawa yake yi ya nemi Gulbi, kuma kowace shekara gari na ƙara faɗi, ƙasar da ke shanye ruwan na raguwa. Hanyarmu na ɗaya daga cikin wuraren da yake bi.

Ƙofar farko ita ce ta mai unguwarmu, tunda shi muka sani. Ya saurare mu, ya sa mana albarka, sannan ya ce wurin da muke magana ya wuce iyakar unguwarsa, gonakin na mutanen ƙauyen da ke ƙasa ne, sai mu nemi mai garinsu. Ya haɗa mu da wani dattijo da ya san shi, ya ce kada mu je mu kaɗai, da ɗan gari akan ci gari. Muka sayi goro muka tafi da la'asar. Mun zauna a ƙofar gida har aka gama wani sulhu na kan iyakar gona kafin a kira mu. Malamin makarantar da ke cikinmu shi ya yi magana.

“Ranka ya daɗe, mun zo neman izini ne mu gyara hanyar gangare. Ba kuɗin kowa muke nema ba, ƙarfinmu za mu sa.”

Mai gari ya yi shiru yana juya goron a hannunsa, sannan ya ce, “Yarana, Allah ya yi muku albarka. Amma ruwan da za ku kawar daga hanyar, ina za shi?”

Babu wanda ya amsa a cikinmu. Ya ce ruwa ba ya ɓacewa, idan an hana shi nan sai ya bi can, kuma can ɗin gonar wani ce. Ya ce ba zai ce mana e ba sai masu gonakin da ke gefen hanyar sun ji da kunnensu, kuma kada mu taɓa ko felu ɗaya sai an girbe gero. Mun fito jikinmu a mace, don mun zo da zumuɗin farawa Lahadi mai zuwa. Yau ina ganin duk cikin abin da aka faɗa mana a wannan aiki babu maganar da ta kai tambayar nan amfani.

Zama da masu gona shi ya fi komai cin lokaci, kuma shi ne ba a yin sa da gaggawa. Mai gari ya tara su wata ranar Juma'a bayan masallaci. Yawancinsu ba su da ja, hanyar tasu ce. Amma akwai wani tsoho da gonarsa ke daidai ƙasan gangaren, wanda rairayi ya riga ya binne masa kusan rabin geronsa. Ya ce shi ya ga masu gyara iri-iri, kowa ya zo ya karkatar da ruwa ya tafi, shi ke kwana da shi. “Ku samari ne, gobe kuna iya sayar da kekunan ku sayi babur. Ni gonar nan na gada, ita zan bar wa ɗiyana.” Ba mu yi musu da shi ba. Muka ce, “Baba, zo ka nuna mana inda kake son ruwan ya bi, da inda ba ka so.” Washegari da hantsi ya fito da sandarsa ya zaga da mu, ya nuna mana wata tsohuwar magudana a gefen gonarsa da ciyawa ta rufe, ya ce nan ruwa ke bi a zamanin mahaifinsa kafin a nome wurin. Wannan magudana ita ta zama ƙashin bayan duk aikin da muka yi.

Kada wanda ya kai wannan mataki ya tsaya a kan yardar baki. Dokar karkara ta 1993 da dokokin da suka biyo bayanta sun tanadi kwamitocin kula da filaye, tun daga ƙauye har ƙaramar hukuma da gunduma, waɗanda aka fi sani da COFO, kuma na ƙauye mai gari ne shugabansa. Sakataren kwamitin ya rubuta mana ƴar takarda mai cewa masu gona sun yarda a gyara hanya a kan faɗinta na da, ba ƙari, kuma a buɗe tsohuwar magudana. Kowa ya dangwala yatsa, mai gari ya buga hatimi. Ba a nemi ko dala a hannunmu ba, mu ne muka ba sakataren ɗan abin shan ruwa da son ranmu. Wannan takarda ta yi mana rana daga baya, lokacin da ɗan wani mai gona ya dawo daga ci-rani ya tarar da mu a bakin gonarsu ya fara faɗa. Da aka nuna masa yatsan mahaifinsa sai ya sauko, har ya karɓi diga.

Daga nan sai ma'aikatar magajin gari. Wasu a fadarmu sun ce ba dole ba ne, tunda mai gari ya yarda. Ni ina cikin waɗanda suka nace a je, don hanya ta jama'a ce, kuma ranar da wani ya faɗi ya karye a wurin da ka taɓa, za a tambaye ka wa ya sa ka. Abin da ake buƙata shi ne wasiƙar neman izini da Faransanci, rubutun hannu ma ya isa, da tambur a kanta, da hotokofin katin ɗan ƙasa na wanda ya sa hannu, da hotokofin takardar ƙauye. Mun haɗa da hotunan ɓarnar da muka ɗauka da waya muka buga a takarda, da zanen hanyar da magininmu ya yi da biro. Tambur da hotokofi da buga hotuna duka ba su kai jika 3 ba, wato sefa 3,000. Tambayar farko da aka yi mana ita ce da sunan wace ƙungiya. A Nijar ƙungiya ba ta zama ƙungiya a idon hukuma sai ta bi dokar 1984 ta sami takardar amincewa, mu kuwa fada ce kawai mai butar shayi. Wani ma'aikaci mai kirki ya ba mu shawara mu sake rubuta wasiƙar da sunan mazauna wurin, mai gari ya sa hannu, mu kuma a ambace mu a matsayin masu aikin sa kai. Haka aka yi. Duk wanda ba shi da ƙungiya mai rajista ya fara da wannan tun daga gida, ya huta da komawa ƙauye neman hatimi na biyu.

Idan ka miƙa wasiƙa a wurin karɓar takardu, ka tsaya a rubuta ta a babban littafi, a ba ka lamba da kwanan wata, ka kwafe su a wayarka. Da wannan lamba ake neman takarda idan ta shige ciki. Ka je da safe, kuma ka tuna Juma'a rabin yini ce. Jira kam mun yi shi, makonni. Ba na ganin laifin kowa, don a lokacin farfajiyar cike take da mutanen da gidajensu suka rushe, mata da goyo zaune a inuwa suna jiran a rubuta sunansu. Na kan zauna a benci ɗaya da su, takardar hanyar keke a hannuna, in ji nauyin buɗe baki. Wata rana wata inna da ke kusa da ni ta tambaye ni abin da ya kawo ni. Da na faɗa mata sai ta ce ƙanenta na bin hanyar da kayan lambu, Allah ya ba mu iko. Daga ranar na daina ɓoye takardar a aljihu.

Amsar da ta fito gajera ce: an yarda, da sharaɗin ma'aikacin sashen ayyuka ya je ya gani kafin a fara, kuma hukuma ba ta da kuɗin da za ta sa. Mu muka zuba masa mai a babur, jika 2. Da ya iso muka nufi kwazazzabon da shi, sai ya wuce shi ko kallo bai yi ba, ya haura tudu muna biye da shi har ya kai inda hanyar ta bar gidajen ƙarshe. A can ya tsaya ya nuna mana yadda ruwan lunguna biyu ke haɗuwa ya hau kan hanyar, ya bi tsakiyarta da ta riga ta lotsa saboda sawu, yana ƙara gudu har ya isa gangaren da ƙarfin da zai tsaga ƙasa. Ya ce idan muka cika ramin muka bar saman, ruwan farko na baɗi zai kwashe mana wahalarmu ya kai wa Baba a gona. Ya hana mu siminti, ya ce ruwa zai rarake ƙarƙashinsa ya bar shi a rataye. Abin da ya ce mu yi shi ne jerin duwatsu a gicciye can sama don rage wa ruwa gudu, ƙananan mashigai da za su riƙa fitar da shi daga hanyar kaɗan-kaɗan zuwa tsohuwar magudana, sai matakalar buhunan ƙasa da dutse a cikin ramin. Babban bakin kwazazzabon kuma ya ce ya fi ƙarfinmu, sai ragar ƙarfe da ake cikawa da dutse, wadda ake kira gabiyon, don haka mu kewaye shi da hanyar.

Ɗaya daga cikin ɗalibanmu ya yi murna da jin haka, don ya taɓa karanta ƙa'idojin IMBA, ƙungiyar masu keken tsauni da aka kafa a Amurka a 1988, kuma ya ce kusan maganar ɗaya ce. Su ma suna cewa a karkata doron hanya zuwa gefen gangare da kamar kashi 5 cikin ɗari don ruwa ya tsallake ta ya wuce, kada tsayuwar hanya ta wuce rabin tsayuwar gangaren da take ratsawa, kuma a riƙa sa mata ɗan hawa da sauka don kada ruwa ya sami doguwar tafiya a kanta. Kashi 5 ɗin nan santimita 5 ne a kowace mita, abin da magininmu ya ce zai iya aunawa da tiyon ruwa kamar yadda yake daidaita harsashin gini.

Saura gawo. Wasu sun so a kawo gatari a gama da shi a yini ɗaya, mai gari ya ce a'a, a je wa ma'aikatan gandun daji. Gawo na cikin itatuwan da dokar daji ta 2004 ta kare, kuma ko ya faɗi da kansa, wanda aka gani yana sara shi ne zai yi bayani. Manoman Maradi sun san darajarsa fiye da kowa, nan ne aka fara sassaben zamani tun shekarun 1980, ana barin tohon itace a gona ana renonsa. Muka kai hotokofin izininmu da hoton itacen. Ma'aikaci ya zo ya duba, ya tabbatar ruwa ne ya tuge shi, ya rubuta takardar izinin yanka shi, ya ce itacen na mai gonar ne. Wannan mataki bai ba mu wuya ba ko kaɗan. Mai gonar kuma ya bar mana manyan rassan muka yi turaku da su.

Kuɗi mun tara su ne a tsakaninmu, kowa jika 2, wanda ya fi ƙarfi ya ƙara. Ƴan'uwa da ke Yamai da Agadas suka turo nasu ta Nita. Telanmu ne ma'aji, kuma duk abin da ya shiga ko ya fita sai ya rubuta a littafi ya karanta a fada da dare, abin da ya hana ƙananan maganganu. Tsofaffin buhuna mun saye su tsakanin sefa 100 da 150 kowane ɗaya. Dutse shi ne matsala, don ƙasarmu rairayi ce, sai an yi nisa ake samunsa. Masu amalanke sun kawo mana a kan jika 2 kowane sawu, marmara kuma tifa ɗaya jika 30. A tuna ramin marmara ma yana da mai shi kuma akwai harajinsa, a tambayi direba ko kuɗin na cikin farashin kafin ya juye. Felu da diga da baro aro muka yi. Gaba ɗaya mun kashe kusan jika 200, kuma fiye da rabi a kan dutse da ɗaukarsa ya tafi. Farashin nan na wancan lokacin ne, kowa ya sake tambaya.

An girbe gero, an ɗaure dammuna, sannan mai gari ya sa aka yi shelar gayya. Mun zaci mu kaɗai za mu yi ta fama, sai ga masu lambu da ƴaƴansu, ga masu amalanke, ga almajiran wata makaranta da malaminsu ya turo. Wani dattijo ya ce rabonsa da ganin irin wannan tun zamanin samariya, lokacin Seyni Kountché, da ake fitowa aikin gari da kiɗa. Daga sama muka fara kamar yadda aka ce. Magini ya cika tiyo mai haske da ruwa, mutum biyu suka riƙe bakunansa a jikin sanduna, inda ruwan ya daidaita a kafa turke, a ja igiya, a tona ɗan rami mai zurfin tafin hannu, a jera manyan duwatsu a ciki, a cusa ƙanana a bayansu ta gefen da ruwa ke zuwa. Aikin buhu kuma yana da nasa sirri. Ba a cika shi fam, kashi biyu cikin uku ya isa, a naɗe bakin a kwantar da shi a ƙasa, a bi shi da madaɓi har ya baje, na sama ya hau kan mahaɗar biyu na ƙasa kamar jerin tubali. Kuma dole a rufe shi da ƙasa, don ranar Maradi na cinye buhun leda cikin ƴan watanni ya koma gari. Marmara ba ta kamawa a bushe. Amalanke ya riƙa kawo gangunan ruwa daga rijiyar lambu, a yayyafa, a daɓe, a ƙara wani sashe, a sake yayyafawa. Magini ya kan damƙi ƙasar a hannu, idan ta dunƙule ba ta ɗiga ba ya ce ta yi.

Da rana ta take sai ga matan ƙauyen da ƙwaryar fura da kwaɗon zogale, ba wanda ya roƙe su. Baba mai gona bai ɗauki felu ba, amma bai bar wurin ba, yana zaune a kan tushen gawon yana nuna da sanda: “Kai yaro, ƙara zurfi nan. Ruwa ba ya jin kunya.” A rana ta biyu kunama ta harbi ɗaya daga cikin almajiran da ya sa hannu ƙarƙashin dutse, muka ɗauke shi a babur zuwa asibitin kusa, Allah ya sa abin ya zo da sauƙi. Duk mai shirya irin wannan aiki ya tanadi babur ɗaya da mai a ciki, ya hana yara juya dutse da hannu, a fara tura shi da diga, kuma kada a bar kowa ya shiga ƙarƙashin gaɓar rami mai tsayi, don rairayi na ruftawa ba sanarwa. Lahadi-Lahadi muka riƙa yi har sanyi ya shigo. Jama'a na raguwa a hankali, wannan kuma a sa shi a lissafi: aiki mai nauyi a yi shi a gayyar farko, lokacin da hannu ke da yawa.

Akwai mutanen da ya kamata a nema tun da wuri, su ne makiyaya. Da hukuma ta ba da ranar sakin gonaki, garken shanu suka sauko cin kara, kuma hanyarmu ta gicciye burtalinsu a wuri ɗaya. Kofaton saniya ba ya barin buhu da rai. Mai gari ya aika aka kira ardo, muka zauna, ya ce burtali ba ya matsawa don keke, kuma gaskiyarsa ce. Sai muka cire buhunan daga mahaɗar muka shimfiɗa dutse zalla, faffaɗa, yadda dabba za ta taka ta wuce. Aguwa muka dasa a bakin ramin tun da rani, tunda reshenta ake yankowa a soke a ƙasa kuma dabbobi ba sa cin ta. Gamba kuwa sai da ruwa ya sauka a 2025 muka tsago tushenta daga gonakin da aka ba mu muka dasa a bayan jerin duwatsu. Masu gona sun so wannan, don da ita ake saƙa zana.

Ruwan farko mai ƙarfi na damina ya zo da dare, ban yi barcin kirki ba. Da gari ya waye muka sauka. Jerin duwatsun sama sun tare rairayi har ya kusa shafe su, abin da ake so ke nan. Mashigai biyu sun toshe da leda da shara daga gari, ruwa ya tsallake ya ɗan ci gefen hanyar, muka gyara a safiyar. Tsohuwar magudana ta ɗauki ruwanta ta wuce da shi gefen gonar Baba. Da muka gaishe shi cewa ya yi, “To, bana dai na gani. Sai mu ga baɗi.”

Wanda zai bi sawunmu, ga abin da zan ce masa. Ya fara da mai gari da masu gona kafin kowane ofis, don takardar hukuma ba ta hana ruwanka shiga gonar mutum, kuma ofis ɗin ma zai tambaye ka yardarsu. Ya rubuta komai, ya riƙe hotokofi uku na kowace takarda. Ya yi zirga-zirgar ofis tun gero na tsaye, yadda ranar da aka girbe izini na hannunsa, don tsakanin girbi da sakin gonaki ne lokacin da ƙasa ke da sauran danshi kuma mutane ke da sarari. Ya hau sama ya nemo inda ruwa ke taruwa kafin ya kalli ramin da ya ba shi tsoro. Kuma kada ya kira hanyar tasa. Ranar da muka ce “hanyar kekenmu” a gaban mai gari, gyara mana ya yi, ya ce hanyar gari ce da masu keke ke bi, kuma da wannan sunan ne mutane suka fito.

Babban bakin kwazazzabon yana nan, kowace damina yana ɗan ƙara ci. Mun sake rubuta wasiƙa ta biyu a kan gabiyon, da sa hannun mai gari da kiyasin da ma'aikacin sashen ayyuka ya yi mana, lambarta na cikin wayata. Kafin a samu, mun raba kanmu biyu-biyu: duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, waɗanda ke da juyi za su sauka da felu washegari su buɗe mashigai, su kwashe leda, su mayar da dutsen da ya gusa. Masu lambu biyu sun shiga cikin juyin, kuma su ne suka fi mu zuwa a kan lokaci.